Tumfafiyar Ƙarƙashin Kujerata

Gidana yana Samaru, a wani lungu da a da ake kira bayan gari. Lokacin da na sayi filin ina ƙaramin malamin makaranta, daga ƙofar gida har inda ido ya tsaya gonakin dawa ne, da sabara da kalgo a bakin kowace gona. Yau kuwa duk inda na juya ɗakunan haya ne na ɗaliban jami'a, wani a kan wani, ƙasa kuma an shafe ta da siminti. 'Yan filayen da suka rage, da zarar ciyawa ta ɗago kai sai a bi ta da feshi ta ƙone. Ban ƙi ci gaba ba, domin da dama daga cikin waɗanda suka gina gidajen nan ni na koya musu karatu da rubutu. Sai dai akwai abin da ya tashi daga unguwar ba tare da sallama ba, ban kuwa lura ba sai bayan da na ajiye aikin hedimasta na sami lokacin zama a tsakar gida.

Kabewar maiɗakina ce ta nuna mini. Kowace damina takan shuka ta a gindin katanga, ta yaɗu ta hau rumfar kicin. A shekarar da nake magana, kabewar ta yi fure iyakar yi, ta ɗaura 'ya'ya kamar ƙwan kaza, sai su yi rawaya su zube. Hajiya, kamar yadda nake kiranta tun da 'yan'uwanta suka kai ta Makka shekaru da yawa kafin ni, ta ce baki ne, domin a shekarar da ta wuce wata maƙwabciya ta yaba girman kabewar ba ta ce tubarkalla ba. Ni kuwa na koyar da ilmin tsirrai tun ana rubutu da tawada da alƙalamin tsomawa, saboda haka na ɗauki kujera na zauna gaban furannin tun daga hantsi har rana ta take. Ƙudan zuma ko ɗaya bai sauka a kansu ba. Furen kabewa akwai namiji akwai mace, kuma idan babu mai ɗaukar garin wannan ya kai wa wancan, ɗan da aka ɗaura ba ya zama.

Washegari na tsinci gashin kaza na tsuguna ina shafo garin furen namiji ina kai wa na mace. Hajiya ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta tsaya tana kallona.

"Malam, yanzu kai da kake tsawa makaranta guda ta yi tsit, kai ne a tsugune kana ɗaura wa kabewa aure da gashin kaza?"

"Auren ba ni na ƙirƙiro shi ba, Hajiya. Waliyyan ne suka yi ƙaura, na tsaya musu."

"To, Allah ya ba da zaman lafiya. Idan an tashi rabon goro a tuna da mu."

Kabewa ta zauna a wannan shekarar, amma gwiwoyina sun gaya mini cewa wannan ba aikin da zan daɗe ina yi ba ne. Na yanke shawarar in dawo da masu aikin da kansu. Hanyar kuwa ɗaya ce, wato in shuka musu abin da suka sani tun kafin a san mu, itatuwa da tsirran ƙasar nan waɗanda ba sa mutuwa da ƙarewar damina.

Na fara da masu sayar da furanni a bakin titi a Sabon Gari. Sun jera tukwane cike da furannin ƙasashen waje, masu kyan gani, waɗanda ƙwaro ba ya ko waiwayarsu. Da na tambayi wani daga cikinsu ko yana da tumfafiya, sai ya dube ni daga hula har takalmi, ganin babbar rigata, ya ce, "Baba, tumfafiya kuma? Ai wannan a juji ake samunta." Na gode masa, na bi shawararsa. A gefen layin dogo na tono ƙaramar tumfafiyar farko, fatanya a hannu, riga a naɗe a kafaɗa, masu wucewa suna tsammanin magani nake nema.

Sauran na tara su sannu a hankali. Wani tsohon abokin aikina, Kirista mutumin kudancin Kaduna da ya yi ritaya a Sabon Gari, ya yanko mini rassan shuwaka da ɗaɗɗoya daga bayan gidansa. Yaɗiya na samo ta a wani shinge a hanyar Shika. Albasar kwaɗi, mai farin fure da jan zane, na haƙo ta a fadama. Sabara ce ta fi ba ni wahala, domin saiwarta tana nitsewa ƙasa da nisa, ba ta kuma yarda da dashe. Na kawo ta daga wajen Basawa ta mutu, na sake kawowa ta mutu, sai da na koyi tono 'yar ƙarama tare da ƙasarta a farkon ruwa sannan ta haƙura ta zauna. Na tsara su yadda fure ba zai yanke a gidan ba: albasar kwaɗi tana buɗewa da ruwan farko, ɗaɗɗoya da yaɗiya su karɓa da damina, shuwaka da sabara su riƙe rani, tumfafiya kuwa ba ta san hutu ba.

Da rani ruwan famfo yakan yi ƙaranci a wajenmu, don haka nakan yi alwala a kan bokiti in zuba musu abin da ya taru. Na ajiye kasko a inuwa da tsakuwa a ciki, domin mai shan ruwa ya sami wurin tsayawa kada ya nitse. Busassun karare ban cire su ba, saboda akwai ƙananan ƙudaje da ke yin ɗaki a cikin raminsu. Na kuma hana a yi feshin kowane irin magani a tsakar gidan.

Sai da aka yi 'yan shekaru kafin su zo da yawa. Da farko malam-buɗe-littafi ne, mai launin ruwan goro, ya sami tumfafiya ya zauna. Daga baya ƙudan zuma, sannan wani baƙin ƙaton ƙwaro mai ƙugi kamar babur, sannan ƙananan tsuntsaye masu dogon baki da ke shan ruwan fure. Idan na idar da sallar asuba na jira gari ya waye, nakan ji lambun yana amo tun kafin in gan shi. Na yi aiki shekaru masu yawa, na ga ɗalibaina sun zama manya a ƙasar nan, amma ban tuna wani abu da ya sanyaya mini rai kamar wannan amon ba. Gashin kaza kuwa na mayar wa kaza.

Ba kowa ne ya ga abin da nake gani ba. A wurinmu tsakar gida fuskar matar gida ce, ana so a gan ta a share fes har sawun tsintsiya ya fito. Mata masu zuwa barka ko gaisuwa sukan kalli rabin filin da na cinye su tambayi Hajiya ko lafiya. Ita kuma takan sauke mini da dare ya yi kusa, a kan tuwo.

"Yau ma an tambaye ni ko ba mu da tsintsiya."

"Me kika ce musu?"

"Na ce muna da ita, amma maigidan ya auri daji."

Duk da haka na sha kama ta tana ƙara ruwa a kaskon idan ta ɗauka ba na gani, kuma miyarta ba ta sake rabuwa da ɗaɗɗoya ba.

A nan dole in yi bayanin yadda muke da babban ɗana, domin a kansa labarin ya juya. Shi ne ɗan fari, kuma sunan mahaifina aka sa masa. Tun ranar suna har yau, ni da uwarsa ba mu taɓa kama sunansa ba. Haka aka tashe mu, ɗan fari ana jin kunyarsa, ba a zama hira da shi, ba a nuna masa so a fili, ba a kuma yi masa doguwar magana. Idan ya zo daga Abuja, inda yake aiki, yakan durƙusa ya gaishe ni, in tambayi iyali da aiki, in sa masa albarka, ya tashi. Duk wani saƙo mai nauyi tsakaninmu ta bakin autarmu yake bi, wadda ke aure a Sabon Gari, ita kuwa ba ta jin kunyar kowa. Ban taɓa gaya masa abin da lambun nan yake nufi a wurina ba, kamar yadda ban taɓa gaya masa abin da shi kansa yake nufi ba. Na dai ga yadda yake kallon ciyayin idan 'ya'yansa suna wasa kusa da su, na kuma ji matarsa tana maganar maciji da sauro.

Akwai kuma wata tarbiyya da na yi musu da hannuna. Mutumin kirki ba ya karɓar kyauta da gaggawa. Idan aka kawo, sai ya ce haba, har da ɗawainiya, a mayar, ba ya buƙata. Mai bayarwa kuma ya san aikinsa ne ya nace. Lokacin da yaron nan ya aiko da firji na ce a mayar, ba a mayar ba, na kuwa sha ruwan sanyi. Da ya sauya mini kwanon rufi na ce tsohon bai yi komai ba, aka sauya, ɗigar ruwa ta tsaya. 'Ya'yana sun taso sun haddace cewa a'a ɗin Baba ƙofar i ce.

Sai ga shekarar da ya biya mini aikin Hajji. Albashina duk a karatunsu ya tafi, ban taɓa samun zuwa ba, na kuma riga na cire rai. Na ce a bari, an tsufa. Ba a bari ba. Tafiyar ta faɗo tsakiyar damina, lokacin da lambun ya cika ya tumbatsa, yaɗiya ta rufe katanga, ɗaɗɗoya ta kai ƙugu. Na san al'adarmu, idan mutum ya tafi Makka iyalinsa sukan gyara gida kafin ya dawo, a yi fenti, a sauya labule, a sa sabuwar shimfiɗa. Don haka ranar da za mu tashi na kira auta.

"Ki gaya wa yayanku kada a taɓa komai a gidan nan."

"To, Baba," in ji ta, tana murmushi.

Na ga murmushin, na ɗauka na fenti ne.

Muna Mina, ranar da za a kwana a wuce Arfa, ina cikin harami, na idar da azahar ina zaune a tanti tare da sauran alhazan jiharmu, sai wayata ta yi ƙara. Auta ce, da irin kiran nan da ake ganin juna. Ta gaishe ni, ta nuna mini uwarta, ta nuna mini jikoki da suka taru don Babbar Sallah. Tana juya wayar sai na hango tulin yashi a ƙofar zaure, da ƙananan bulo ɗin nan da ake jerawa a ƙasa, waɗanda ake kira intalok, an sauke su daga unguwar Chikaji. Bayan su na ga ma'aikata biyu da adda. Gefen shuwaka ya riga ya kwanta. Gefen sabara da tumfafiya yana nan tsaye, iska tana kaɗa shi.

"Mene ne wancan a bayanki?"

"Kash, ka gani. Yaya ya ce kada a nuna maka sai ka dawo."

"Ki ce masa a dakata. A bar abin da ya rage har in dawo."

Ta yi dariya, irin dariyar da take yi tun tana yarinya idan ta kama ni ina ɓoye mata alewa.

"Wallahi Baba, haka Yaya ya ce za ka faɗa. Ya ce ko ka ce a bari kada a saurare ka, ba ka son a yi maka wahala ne."

"Ba maganar wahala ba ce. Ina son ciyayin nan."

"Mun sani, Baba. Za a kawo maka furanni na gaske a tukwane, irin na Sabon Gari. Kai dai ka yi mana addu'a a Arfa."

Na nemi ta ba ni Hajiya. Fuskarta ta bayyana, ta kawar da ido gefe, ta ce, "Malam, na faɗa wa auta. Shi kuwa ka san ba zan iya ba." Na sani. Kunyar da ke tsakanin uwa da ɗan fari ta fi ta uba nauyi.

Abin da ya rage shi ne in ce a ba shi wayar, in ɗaga murya, in yi masa maganar da ban taɓa yi masa ba tun da aka haife shi. Amma ina cikin harami, malamai kuma sun yi ta nanata mana tun a sansanin alhazai cewa babu jayayya babu cacar baki ga wanda ya ɗaura shi. Ƙasar da nake zaune a kanta, ko ciyawarta ba a yarda in tsinka ba. Wanda zan yi wa faɗan kuwa shi ne ya kawo ni wurin. Wani attajiri mutumin cikin birni da ke kusa da ni ya leƙo ya ga bulon, ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, ka haifu. Nawa 'ya'yan ko fenti ban sa rai ba." Mutanen tantin suka yi ta sa albarka. Na ce amin. Ina riƙe da wayar na ga ɗaya ma'aikacin ya nufi sabarar da ta yi ta mutuwa a hannuna kafin ta zauna. Na kashe wayar kafin ya isa.

A Arfa na yi wa yaron nan addu'a fiye da kowa, kuma da zuciya ɗaya na yi ta.

Ranar da na dawo, gidan ya cika da 'yan taryar alhaji. Tsakar gida ta zama shimfiɗa guda daga zaure har kicin, ja da toka-toka, an jera su da tsari mai kyau, domin ba ya yin aikin ha'inci. An ajiye tukwanen furanni a kusurwoyi. Na cire takalmi zan shiga ɗaki, zafin bulon ya ratsa tafin ƙafata. Ya zo ya durƙusa a gabana, kansa a ƙasa.

"Baba, Allah ya sa karɓaɓɓe ne. Mun ɗan gyara wurin saboda ƙafafunka da na Hajiya. Yanzu ba caɓi, ba abin da zai ɓuya."

Na dubi furfurar da ta fara fito masa a ƙeya, wadda ban san da ita ba. Na ce, "Allah ya yi albarka. Allah ya ba ka masu yi maka." Ya ce amin, ya tashi da fuskar mutumin da ya sauke nauyi.

Bayan baƙi sun watse, Hajiya ta kai ni bayan kicin ta nuna mini wani tsohon bokiti da ɗaɗɗoya a ciki. Ita kaɗai ta iya cetowa, domin ta ce musu ta miya ce.

"Ƙudajen nan naka sun yi ta zuwa bayan an gama," in ji ta. "Kowace safiya sai su zo su zagaya inda yaɗiya take, su tashi. Na ajiye musu kaskon. Daga baya suka daina."

"Kabewa fa?"

"Ina za ta fito, Malam?"

Tun daga ranar ban sake jin ta yi mini ba'ar daji ba, na kuwa fi son ba'ar da wannan shirun.

Na yi tunanin in sa a ɗaga wani gefe na bulon. Amma duk unguwa ta san wanda ya shimfiɗa shi, kuma uban da ya tone kyautar ɗansa ya tone mutuncin ɗan ne a gaban jama'a. Na yi tunanin tukwane, sai dai sabara ba ta zama a tukunya, ƙarfin da zan sake yawon Basawa da Shika da fatanya kuwa ya tafi. Furannin da aka kawo suna nan, ina ba su ruwa domin ba su yi mini laifi ba. Babu abin da ke sauka a kansu.

Da ruwa ya sake zubowa a shekarar da ta biyo baya, wata safiya na ga ganye biyu masu kauri, masu farin gari a jiki, sun fito ta tsagin bulo kusa da katanga. Tumfafiya ce. Saiwar ta farkon nan da na tono a gefen layin dogo ba ta mutu ba, ta yi ta laluben hanya a ƙarƙashin yashi har ta samu. Ban gaya wa kowa ba, ko da yake na lura tsintsiyar Hajiya tana kewaye wurin.

Sai dai yaron nan, da yake ba ya yin abu rabi, ya yi yarjejeniya da wani mai feshi ya riƙa zuwa duk wata yana bin tsagogin da maganin ciyawa, don kada aikin ya lalace. Ranar da na ji sallamarsa a zaure, da tankin a bayansa, na ja kujerata na ɗora a kan tsiron, na zauna, na saki babbar rigata ta rufe ƙafafun kujerar har ƙasa. Ya bi gidan layi-layi har ya iso gabana.

"Alhaji, ko za a ɗan matsa in fesa nan?"

"Gwiwoyina ba sa son tashi yau. Ka bar nan."

"Mai gidan Abuja ya ce kada in tsallake ko'ina."

"Na ji. Ka bar nan."

Ya kewaye ni ya wuce. Haka muka yi a watan da ya biyo baya, da wanda ya bi shi. Idan ya tafi nakan janye kujerar ta sami rana, in wanke mata ganye da ruwan alwala ko da iska ta kawo mata wani abu.

Yanzu ta kusa taɓa ƙasan kujerar, tumfafiya kuma ba ta yin fure sai ta wuce tsayin da riga za ta iya rufewa. Malam-buɗe-littafi bai zo ba tukuna, ba shi da dalilin zuwa. Auta ta aiko cewa yayanta zai zo da iyali hutun ƙarshen shekara, kuma likita a asibitin Shika yana so ya kwantar da ni 'yan kwanaki saboda gwiwar nan, ban san ko ranakun za su haɗu da zuwan mai feshi ba. Na tambayi Hajiya ko za ta zauna a kujerar idan ba na nan.

"Idan mai feshi ne, zan zauna," in ji ta. "Idan yaron nan ne da kansa ya ce in tashi, Malam, ka san zan tashi."